FASHIN BAƘI: Yadda dogayen benaye suka cinye unguwar Savamala a bakin kogin Belgrade

A gaɓar kogin Sava, daf da inda yake haɗuwa da kogin Danub a Belgrade, babban birnin ƙasar Sabiya, akwai wani rukunin dogayen benaye da ake kira Belgrade Waterfront. Da harshen mutanen ƙasar sunansa Beograd na vodi, ma'ana Belgrade a kan ruwa. A tsakiyar rukunin akwai hasumiya mai hawa 42 da tsayin mita 168, wadda babu ginin zama da ya kai ta tsawo a faɗin ƙasar. Gwamnati na nuna wurin a matsayin shaidar cewa Sabiya ta farfaɗo bayan yaƙe-yaƙe da takunkumin shekarun 1990. Masu adawa kuwa suna kallonsa a matsayin wurin da aka lanƙwasa doka domin ta dace da buƙatar mai kuɗi.

Kafin a kafa tubalin farko, akwai mutane a wannan wuri. Akwai unguwa mai suna Savamala, da tashar jirgin ƙasa mai shekara fiye da ɗari, da iyalan ma'aikatan jirgin, da ƙananan 'yan kasuwa, da matasa masu fasaha. Abin da ya same su ya samo asali ne daga wasu takardu da aka sa wa hannu tsakanin 2013 da 2015, tun kafin katafila ta shiga unguwar. Waɗannan takardu su ne suka tsara wanda zai ɗauki nauyi da wanda zai kwashi riba.

Unguwar da aka tarar

Sunan Savamala haɗin kalmomi biyu ne: Sava, wato kogin, da mahala, kalmar da Turkawa suka bari wadda ke nufin unguwa. A ƙarni na 19 nan ne mashigar kayan ciniki ta ruwa, inda attajiran Belgrade suka gina manyan gidaje da ofisoshi. Tashin mazauna ma ba sabon abu ba ne a wurin, domin a shekarun 1830 Yarima Milos Obrenovic ya umarci talakawan unguwar su koma wani gefe na gari, da suka ƙi kuma ya sa aka rushe gidajensu. Daga baya aka cike fadamar da ke kudu da unguwar, aka gina babbar tashar jirgin ƙasa wadda aka buɗe a 1884.

A ƙarni na 20 unguwar ta yi ta lalacewa. Manyan motocin dakon kaya suka mayar da titin Karadjordjeva hanyarsu, hayaƙi ya baƙanta fuskokin tsofaffin gine-gine, layukan dogo da rumbunan ajiya suka shiga tsakanin birni da koginsa. Tun zamanin Yugoslabiya masu tsara birane suke zana taswirar yadda za a kwashe layukan dogon a buɗe wa gari hanya zuwa ruwa, amma kuɗi bai taɓa samuwa ba. Saboda haka babu wanda ya yi jayayya kan cewa wurin na buƙatar gyara. Rigimar ta kasance a kan irin gyaran, da wanda zai yanke shawara, da waɗanda za a yi wa.

Daga 2009, arhar haya ta jawo matasa zuwa unguwar. Cibiyar al'adu ta KC Grad ta buɗe a wani tsohon rumbun ajiya a wannan shekara, bikin fasaha na Mikser ya koma can a 2012, sai ga gidajen rawa da ɗakunan zane da wuraren shan shayi suna tsirowa a gine-ginen da aka yi watsi da su. Jaridun Turai suka fara rubuta Savamala cikin unguwannin da ya kamata baƙo ya gani. Wannan farin jini ya ɗaga darajar wurin, kuma waɗanda suka samar da shi na cikin waɗanda suka fara rasa wurin zama.

Yadda aka share hanya da doka

Aleksandar Vucic ya fara tallata aikin bakin kogi a 2012, lokacin da yake neman kujerar magajin garin Belgrade, zaɓen da bai ci ba. Sai dai jam'iyyarsa ta shiga gwamnatin ƙasa a wannan shekara, shi kuma ya zama mataimakin firaminista na ɗaya. A 2013 Sabiya ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Muhimmancin wannan yarjejeniya shi ne, a tsarin dokar Sabiya yarjejeniyar ƙasa da ƙasa tana gaba da dokokin cikin gida, don haka aikin da aka kawo a ƙarƙashinta ba dole ne a tallata shi kamfanoni su yi gasa ba.

A farkon 2014 aka gabatar da abokin aikin: kamfanin Eagle Hills na Abu Dabi, ƙarƙashin jagorancin Mohamed Alabbar, attajirin da ya kafa kamfanin Emaar wanda ya gina hasumiyar Burj Khalifa a Dubai. Sunan ba baƙo ba ne ga masu bin al'amuran Abuja, domin shi ne kamfanin da aka sanar a matsayin abokin aikin Centenary City da gwamnatin Goodluck Jonathan ta ƙaddamar a wannan shekara ta 2014. A Belgrade an yi alkawarin jarin Yuro biliyan 3.5 da gidaje kusan 6,000, tare da ofisoshi da otal-otal da katafariyar kasuwar zamani.

Matakai uku suka biyo baya. Na farko, a 2014 gwamnati, wadda Vucic ya zama firaministanta a watan Afrilu, ta ayyana aikin a matsayin mai muhimmanci ga ƙasa baki ɗaya. Na biyu, a cikin shekarar majalisar birni ta gyara babban tsarin Belgrade, ta cire sharuɗɗan da suka taƙaita tsayin gine-gine a wurin da kuma wanda ya wajabta a yi gasar zane kafin a taɓa wannan fili. Masana gine-gine da 'yan ƙasa sun shigar da ƙorafe-ƙorafe masu yawa a lokacin sauraron ra'ayin jama'a, kuma an yi watsi da mafi yawansu. A al'ada tsarin birni ne ke faɗa wa mai gini abin da zai iya ginawa. A nan zanen mai gini ne ya riga zuwa, aka gyara tsarin birni ya bi shi.

Mataki na uku shi ne mafi nauyi. Dokar karɓe filaye ta Sabiya ta ba gwamnati ikon karɓar kadarar mutum ta biya shi diyya idan za a yi aikin amfanin jama'a, kamar hanya ko makaranta ko asibiti. Gidajen sayarwa ga masu hali da kasuwar zamani ba sa cikin wannan jeri. Don haka a Afrilun 2015 majalisar dokoki ta zartar da doka ta musamman domin wannan aiki shi kaɗai, wadda ta ayyana shi a matsayin amfanin jama'a, ta kuma gaggauta karɓe filaye da ba da izinin gini. Daga wannan rana, mai gida ko mai shago a cikin filin ya rasa ikon cewa ba zai sayar ba. Abin da ya rage masa shi ne jayayya kan yawan diyya.

Abin da yarjejeniyar ta ƙunsa

An sa hannu kan yarjejeniyar aikin ranar 26 ga Afrilu, 2015, amma jama'a ba su ga abin da ke cikinta ba sai a watan Satumba, bayan matsin lamba daga 'yan jarida da ƙungiyoyi. An kafa kamfanin haɗin gwiwa wanda ɓangaren Eagle Hills ke da kashi 68 cikin 100 na hannun jarinsa, Sabiya kuma na da kashi 32.

Da aka karanta takardar, sai aka ga Yuro biliyan 3.5 da aka yi ta yayatawa ba kuɗin da mai zuba jari zai shigo da su ba ne. Abin da ya ɗauki alkawari shi ne Yuro miliyan 150 na jari, da wasu miliyan 150 a matsayin rance ga kamfanin haɗin gwiwar, da kuma rancen miliyan 130 ga gwamnatin Sabiya domin ta kwashe layukan dogo ta biya diyya. Sauran kuɗin gini za su fito ne daga bashin banki da kuma sayar da gidajen, galibi tun kafin a kammala su. A nata ɓangaren, Sabiya ta ba da filin haya na shekara 99 ba tare da kuɗin haya ba, da damar ya zama mallakar kamfanin bayan an gama gini, ta kuma ɗauki nauyin share wurin da kai masa hanyoyi da ruwa da lantarki. An ba kamfanin shekara 30 ya kammala, kuma rabin aikin kawai ake buƙata cikin shekara 20 na farko.

Ma'anar wannan a sauƙaƙe ita ce, abu mafi tsada a cikin cinikin, wato fili a tsakiyar babban birni a bakin ruwa, daga hannun jama'a ya fito, haka ma kuɗin share shi. Kaso mafi girma na ribar kuwa na wanda ya riƙe kashi 68 ne.

Waɗanda aka tasa

Iyalai fiye da 200 ne aka tayar daga filin. Da yawansu ma'aikatan jirgin ƙasa ne da 'ya'yansu, waɗanda hukumar jirgin ta zaunar a ƙananan gidaje kusa da layin dogo shekaru da dama da suka wuce. Makomar kowane iyali ta dogara ne da takardar da ke hannunsa. Mai cikakkiyar shaidar mallaka ya samu diyya ko wani gida. Wanda hukumar jirgi ta ba wuri ba tare da takarda mai ƙarfi ba, ko wanda ya ƙara ɗaki da hannunsa ba da izini ba, ya samu kansa cikin rauni wajen ciniki, kuma da dama sun koma unguwannin da ke nesa da tsakiyar gari. A otal ɗin Bristol, wanda aka gina a 1912, akwai iyalan tsofaffin sojoji da yaƙe-yaƙen Yugoslabiya suka raba da gidajensu, suka shafe shekaru suna zaune a ɗakunansa. An rufe otal ɗin a 2018 aka fitar da su, daga baya aka gyara shi ya koma masaukin masu hali.

Akwai kuma waɗanda ba su da murya ko kaɗan. A 2015, lokacin da dubun dubatar 'yan gudun hijira daga Siriya da Afganistan da Iraƙi suke ratsa yankin Balkan zuwa Yammacin Turai, lambunan da ke kusa da tashar mota a Savamala sun zama zangonsu. Masu sa kai suka buɗe cibiyar agaji mai suna Miksaliste, wadda aka rushe a ƙarshen Afrilun 2016 domin filin na cikin aikin, ta koma wani wuri. A hunturun 2016 zuwa 2017 mutane fiye da dubu ɗaya sun kwana cikin tsananin sanyi a rumbunan ajiyar da ke bayan tashar jirgin ƙasa. A watan Mayun 2017 aka kwashe su zuwa sansanoni, aka rushe rumbunan.

Daren da 'yan sanda ba su zo ba

Ranar 24 ga Afrilu, 2016 aka yi zaɓen majalisar dokoki a Sabiya. Cikin daren, yayin da hankalin ƙasa ke kan ƙidayar ƙuri'u, wasu mutane kimanin 30 da fuskoki a rufe suka shiga titin Hercegovacka da katafiloli, suka rushe shaguna da rumbuna da wani gidan abinci da ke kan filin aikin. Sun tsare masu gadi da masu wucewa, sun karɓe wayoyinsu. Waɗanda suka samu damar kiran 'yan sanda sun kira, amma babu wanda ya zo.

Hukumomin birni sun fara da cewa ba su san komai ba. Sai dai jami'in da tsarin mulki ya ɗora wa kare haƙƙin 'yan ƙasa, Sasa Jankovic, ya saurari muryoyin da aka naɗa a layin kiran gaggawa, ya fitar da rahoto a watan Mayu cewa da gangan 'yan sanda suka ƙi amsa kiran, bisa umarni daga sama. A watan Yuni Vucic ya amsa cewa manyan jami'an birnin ne ke bayan rushewar, ya kuma taɓa kiran waɗanda suka yi ta da dare cikakkun wawaye, yana mai cewa gine-ginen ba bisa ƙa'ida suke ba kuma da rana ya kamata a rushe su. Bai ambaci suna ba.

Shekaru sun wuce, kuma mutum ɗaya tak aka hukunta: wani jami'in ɗan sanda da ke bakin aiki a daren, wanda aka yanke wa ɗaurin wata biyar na jeka-ka-gyara-halinka. Magajin garin Belgrade na lokacin, Sinisa Mali, ya musanta hannu a lamarin, ya ci gaba da riƙe kujerarsa har 2018, lokacin da aka naɗa shi ministan kuɗi. Majalisar Tarayyar Turai ta sha ambaton Savamala a ƙudurorinta kan Sabiya tana neman a kammala bincike. Gine-ginen da aka rushe ba su da wata daraja ta tarihi, kuma wasunsu na da matsalar izini. Abin da ya girgiza mutane shi ne ganin cewa ana iya ɗauke kariyar hukuma daga titi guda na tsawon dare idan masu iko suna gaggawa.

Agwagwa mai ruwan ɗorawa

Tun 2014 wasu matasa masana gine-gine da masu fafutuka, cikinsu har da Dobrica Veselinovic da Radomir Lazovic, suka kafa ƙungiya mai suna Ne da(vi)mo Beograd. Sunan wasa ne da kalmomi, ana iya karanta shi da ma'anar ba za mu ba da Belgrade ba, ko kuma kada mu nutsar da Belgrade. Alamarsu ƙatuwar agwagwa ce mai ruwan ɗorawa, domin a bakin matasan Sabiya kalmar agwagwa na nufin yaudara. Da farko sun bi hanyar takarda, suna koya wa mutane yadda ake rubuta ƙorafi kan tsarin birni. Bayan daren Hercegovacka, zanga-zangarsu ta riƙa tara mutane fiye da dubu goma a titunan birnin a tsakiyar 2016.

Ba su hana ginin ba, amma sun canza siyasar adawa. Jankovic ya ajiye muƙaminsa ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2017, ya zo na biyu da kimanin kashi 16 cikin 100, a zaɓen da Vucic ya lashe. Ƙungiyar agwagwa ta shiga zaɓen birni a 2018 ta samu kimanin kashi 3.4, ƙasa da kashi 5 da ake buƙata a lokacin. A 2022, cikin ƙawancen Moramo, ta shiga majalisar birni da ta ƙasa, inda ƙawancen ya samu kujeru 13 a kowace. A 2023 ta rikiɗe zuwa cikakkiyar jam'iyya. Rigimar da ta faro kan tsayin bene da izinin gini ta haifar da 'yan majalisa.

Abin da aka samu da abin da aka rasa

Masu goyon bayan aikin suna da hujjoji na gaske. Wurin da a da tarkacen jiragen ruwa da tsatsar layin dogo suka cika, yanzu yana da doguwar hanyar shan iska a bakin kogi wadda iyalai ke cikawa da yamma ba tare da biyan ko sisi ba. An gyara wasu tsofaffin gine-gine, ciki har da ginin Geozavod na farkon ƙarni na 20, wanda ya zama ofishin tallata aikin. An fara ginin benayen farko a Satumbar 2015, mazauna suka fara shiga a 2018, kasuwar Galerija ta buɗe a Oktoban 2020. Dubban ma'aikata sun samu aiki, gidajen kuma suna samun masu saye, saɓanin hasashen waɗanda suka ce aikin zai tsaya a kan allon talla.

Tambayar ita ce su wane ne masu sayen. Tun farko farashin murabba'in mita ɗaya ya haura Yuro 2,000, a lokacin da matsakaicin albashin wata a Sabiya bai kai Yuro 400 ba. Ko da an yi lissafi da waɗannan alƙaluma biyu, ƙaramin gida mai murabba'in mita 50 zai ci Yuro 100,000, wato albashin wata 250, kusan shekara 21 ba ci ba sha. Farashin ya ci gaba da hawa a shekarun da suka biyo baya. Alƙaluman hukumar rajistar filaye sun sha nuna cewa mafi yawan gidajen da ake saye a Sabiya da kuɗi hannu ake biyan su ba da bashin banki ba, alamar da ke nuna gida ya zama ma'ajiyar dukiya ga masu ita. Ba wannan aiki kaɗai ya tsadar da muhalli a Belgrade ba, domin kwararar Rashawa bayan ɓarkewar yaƙin Yukren a 2022 ta ɗaga haya matuƙa. Amma filin jama'a mafi daraja a birnin bai samar da gidajen da malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya za su iya saye ba.

Akwai kuma hasarar da kowane matafiyi ya ɗanɗana. An rufe babbar tashar jirgin ƙasa a tsakiyar 2018, bayan shekara 134 tana aiki, aka mayar da jirage tashar Prokop, wadda aka fara ginawa tun shekarun 1970, tana da wuyar zuwa, kuma ba a buɗe babban zaurenta ba sai a 2023. A dandalin da ke gaban tsohuwar tashar aka kafa mutum-mutumin Stefan Nemanja mai tsayin mita 23 a 2021. Babbar tashar mota ta tsallaka kogi zuwa Sabuwar Belgrade a 2024. Ɗalibi ko ɗan ƙauye da a da yake sauka a tsakiyar gari ya taka da ƙafa zuwa kasuwa ko asibiti, yanzu sai ya ƙara kuɗin mota da lokaci. Cibiyar Mikser House ta rufe ƙofarta a Savamala a 2017, kuma da yawa daga ƙananan wuraren fasaha sun bi bayanta yayin da haya ke tashi.

Dokar da ta zama al'ada

Tasirin da ya fi daɗewa ya wuce iyakar unguwar. Hanyar da aka gwada a Savamala, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ke kauce wa gasar kwangila tare da doka ta musamman domin aiki guda, ta zama abin da gwamnati ke komawa gare shi. A 2023 majalisa ta yi wa baje kolin duniya na Expo 2027 tasa dokar ta musamman, wadda ta fitar da ayyukansa daga ƙa'idojin sayen kayan gwamnati da aka saba. Shi kansa Belgrade Waterfront an faɗaɗa iyakarsa zuwa filin baje koli na birnin da ke kudu da shi. Lokacin da rufin ƙofar tashar jirgin ƙasa ta Novi Sad, wadda ba a daɗe da gyarawa ba, ya rufto ranar 1 ga Nuwamba, 2024, ya yi sanadin mutuwar mutum 16, buƙatar farko da ɗalibai masu zanga-zanga suka gabatar ita ce a fitar da dukkan takardun kwangilar kowa ya gani. Buƙata ce irin wadda mutanen Belgrade suka yi a 2015.

Kusan kowace ƙasa na da doka da ta ba hukuma ikon karɓar fili domin amfanin jama'a. A Najeriya sashe na 28 na Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ne ya ba gwamna wannan iko. Labarin Savamala na nuna cewa makomar unguwa na rataye ne a kan wanda ke da ikon fassara waɗannan kalmomi biyu, amfanin jama'a, da kuma ko mazauna za su ga yarjejeniyar kafin a sa mata hannu. Mutanen Belgrade sun ga tasu wata biyar bayan an gama, lokacin da dokar karɓe filayensu ta riga ta fara aiki.